Makullin da Ke Aljihun Yayana

Ambaliyar da ta ci unguwarmu ba ta bar motar yayana ba. Da ruwa ya janye, na ciro ƙwaƙwalwarta, ɗan akwatin nan da ke ba injin umarni, na tarar laka ta shiga har ciki. Gyaran wutar mota ne sana'ata, a wata rumfa bayan Kasuwar Kwastam, saboda haka ban yaudari kaina ba. Ta mutu.

Yayana dillali ne a Kasuwar Shanu. Shekarun baya ya hau babbar mota zuwa ƙauye sayen dabbobi, makullin motarsa a aljihu, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗaya makullin yana hannun Baba. Tsohon da ko keke bai iya ba, sai ga shi duk Juma'a yana ɗumama injin, wai kada mai ita ya dawo ya same ta a kwance. Mun yi ta fama da shi a sayar, amma ina, an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙasa.

Na samo wata ƙwaƙwalwar ta gwanjo, na ɗaura, na jona kwamfuta. Baba yana tsugune a gefe da carbinsa.

"Baba, kawo makullin in koya mata shi," na ce. "Sabuwar ba ta san kowa ba. Wanda aka nuna mata yanzu, shi kaɗai zai tayar da ita."

"To, na yayanka fa?"

Da wani ne, da na ce kada ya damu, amma ban taɓa iya yi wa Baba ƙarya ba.

"Sai makullin yana nan ake sa shi. Idan babu shi, ba zai ƙara aiki ba."

Ya daɗe yana kallon motar. Wallahi na so ya ce a fasa, in kwashe kayana in tafi. Sai ya miƙo makullin. Na gama, na murza, injin ya tashi lafiya lau, kuma ban taɓa baƙin cikin aikin da ya yi kyau irin na ranar ba.

Baba ya buɗe ƙofa ya zauna a gaba.

"Kai ni unguwar Limanti wurin malam," ya ce. "A sa ranar da za a yi wa yayanka addu'ar mamaci."