Dutsen Inna da Tsohon da Ya Ƙi Matsawa

Kagarko zuwa Kwoi

Ana idar da sallar asuba na fita, da naɗaɗɗen farin kwali a hammata, fensira cike da aljihu. Sana'ata rubuta allon shago. Kaza da kwalbar lemo na iya zanawa, dutse kuwa ban taɓa gwadawa ba.

Abin da ya fitar da ni shi ne Innata ta daina cin abinci. A gindin Dutsen Kagoro aka haife ta, aure ya kawo ta Kagarko, yanzu ciwon baya ya hana ta shiga mota. Kullum maganarta ɗaya, tana so ta sake ganin dutsensu. Mun nuna mata a waya, ta ce idonta ba ya ganin dutsen da bai fi tafin hannu ba. Ramar da ta yi ta ba ni tsoro, shi ne na yi alkawarin kawo mata babba.

Motar da na samu rabi mutane ce, rabi buhunan citta. Atishawa muka yi ta yi har Kubacha. A wani shinge kafin Kwoi mai tsaro ya leƙo, ya nuna kwalina.

"Oga, mene ne wannan dogon abu?"

"Takarda ce. Dutse zan ɗauko."

"Cikin takarda?"

Direba ya ce, "Ƙyale shi, tun Kagarko muke fama da shi." Aka ɗaga mana sanda.

Kafanchan

Da hantsi muka iso. Na ci doya da ƙwai a tasha, na hango dutsen can gabas, na baje kwali a kan benci na kama aiki. Ban kai rabi ba hadari ya rufe shi ruf, ruwa ya kece. Wurin wani abokina mai sayar da hatsi na sauka. Da na nuna masa abin da na yi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, wannan buhun citta ya fito sosai." Na juya bayan kwalin don gobe.

Gindin Dutse

Washegari Lahadi, ɗan acaba ya kai ni ƙauyen da Inna ta kwatanta. Gari ya washe, dutsen ya fito kore shar. Na zauna ƙarƙashin mangwaro na fere fensir.

Ina ɗago kai sai ga wani tsoho tsaye a gabana, daidai tsakiyar dutsen. Wandonsa bai kai idon sawu ba. Ya dogara da sanda, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan gwiwa kamar shamuwa.

"Baba, don Allah ɗan matsa."

Ya matso kusa da ni.

"Gefe nake nufi, Baba."

"Yaro, wannan dutse yana nan tun Yesu bai zo ba, ba ya gudu. Ni ne zan tafi. Ka fara da ni."

Na ɗauki kwalina na koma dama, ya biyo ni. Na koma hagu, na tarar ya riga ni. Ana cikin haka aka tashi daga sujada a coci, jama'a suka kewaye mu, duk suka goyi bayansa. Wata mata ta kawo min faten acca, ta ce in akwai wuri a sa akuyarta. Wanda ya ci faten mutane ba shi da bakin musu. Cikin haushi na zana tsohon da wandonsa da sandarsa, na sa akuya, dutsen ya samu ɗan abin da ya rage a bayansu. Ko sunansa ban tambaya ba.

Komawa Gida

Duk hanya kunya nake ji, ga citta ta sake kama min hanci. Bayan la'asar na shiga ɗakin Inna, na warware kwalin a cinyarta. Ta kai shi daf da fuska.

"Wannan tulin ne dutsenmu? Sana'ar taka ke nan?"

Na sunkuyar da kai. Can yatsanta ya tsaya a kan tsohon.

"Bulus! Wallahi Bulus ne! Har yanzu da ƙafa ɗaya yake tsayuwa? Haka ya yi damina guda a ƙofar gidanmu yana neman aurena, ko rafi za ni sai na kewaye shi. Ashe bai sayi dogon wando ba har yau!"

Ta yi dariya har da tari, hawaye na zuba. Da ta lafa ta ce a hankali, "Ashe akwai sauran wanda ya san ni a can." Ta share ido, ta dubi matata. "Ke, tuwon nan da saura?"

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direba, da mai masaukina duk da baƙar maganarsa, da mai faten acca. Babbar godiyata kuwa ga Baba Bulus ce, da bai matsa ba.