Gwaggo Taiba, Wadda Ta Kai Mu Kufan Tungar Gawo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris na wannan shekara ta 1986, Allah ya karɓi ran gwaggona Taiba, ɗiyar Malam Falalu, a gidan mahaifina da ke Talata Mafara, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Ina cikin aji a makarantar da nake koyarwa a Morai sai na hango motar maƙwabcinmu Yohanna ta tsaya a bakin shinge. Bai shigo ba. Fitowa ya yi ya tsaya jikin motar da hularsa a hannu. Tun kafin in isa wurinsa na san abin da ya kawo shi. Bayan sallar Azahar aka kai ta makwancinta.

Gwaggo, ke ce babba a ɗakinku, sai Baffa Balarabe, sai mahaifina Ayuba. Su biyun Adda suke ce miki, har unguwa ta ɗauka. A Tungar Gawo aka haife ku, wani ɗan ƙauye a bakin gulbi kusa da Maradun. Can kika yi aure, can mijinki ya rasu, can kuma kika binne 'ya'yan da Allah ya ba ki tun suna ƙanana. Da aka gina dam ɗin Bakolori, ruwa ya taso ya ci ƙauyen da gonakinsa, sai gidanmu ya rabu biyu. Baffa Balarabe ya bi jama'a zuwa sabon mazauni a kan tudu a Maradun, ke kuma kika biyo mu Talata Mafara da turminki da kaskon suyar ƙuli-ƙuli.

Zaman birni bai karɓi matan gidanmu ba. Mutanen da suka saba da fadama da iskar gulbi, ga su a tsakar gidan da tabarma biyu ke cika ta. Yara sai faɗa, manya sai tsaki. Ke kika fara cewa wannan ba ciwo ba ne na asibiti, idanu ne suka gaji da kallon katanga. Kika ɗauki mayafinki kika bi masu gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, kina neman izinin fita da matansu da 'ya'yansu wuni guda. Ba ki roƙo, ba ki kuma gardama. Za ki zauna a zaure, ki gaisa gaisuwa mai tsawo, ki tambayi gida da gona da iyaye, sannan ki faɗi inda za a je, da wanda zai ja mota, da lokacin dawowa. Da wuya a ce miki a'a, don kowa ya san ba ki taɓa saɓa lokacin da kika faɗa ba.

Fitar farko wani lambu aka je a Bakura, kwana biyu bayan ƙaramar Sallah. Yohanna ne ya ɗebe mu a a-kori-kurarsa, matarsa Tabita da ɗiyarsu Helen suna ciki. Kin yi hocen dawa cike da kwando, da kwaɗon zogale, da fura a cikin ƙwarya an rufe da faifai. Mai lambun dattijo ne, ya ce mu shiga amma a kula da yara. Kika tara su a bakin ƙofa kika kafa musu doka: abin da ya faɗo ƙasa nasu ne, abin da ke bisa na mai shi ne. Kika karɓe duk wani danƙon harbin tsuntsu kika ɗaure a bakin zanenki. A ranar matata Rukayya ta fara ganin gwaiba a jikin itacenta. Ta daɗe a tsaye tana kallo, sannan ta ce ita da ta ɗauka yaɗo take yi kamar kabewa. Birai kuma suka sauko daga tsamiya suka yi gaba da hoce ɗaya muna cikin sallar Azahar. Da muka sallame kika ce a bar musu, su ma Sallah suke yi.

Daga nan abin ya zama al'ada. Bayan kowace Sallah a fita, lokacin Kirsimeti ma a fita, don kin ce su Tabita ba za su yi ta raka mu bikinmu mu ƙi raka su nasu ba. Wata rana lambu, wata rana bakin tafki kallon tsuntsaye irin su dinya da kirinjijiya da gauraka, wata rana tsohuwar ganuwar wani gari da aka daɗe da tashi. Kin san sunan tsuntsaye da itatuwa, wanda ba ki sani ba kuma sai ki tsayar da masunci ko makiyayi ki tambaye shi a gaban yara, ba ki jin kunyar haka.

Ba zan ce ke mai sanyin hali ba ce, don duk wanda ya san ki zai ƙaryata ni. Kina da faɗa, kuma ba ki jira. Maƙwabciyarmu Saude ta taɓa tsayawa sa kwalli bayan kowa ya hau mota. Kika ce wa Yohanna ya ja. Ta yi mako ba ta gaishe ki ba, amma fita ta gaba ita ta riga kowa zama. Akwai kuma masu cewa kin koya wa mata yawon banza. Wani dattijo ya faɗa miki haka a fuskarki. Kika ce masa, "Malam, wanda bai ga abin da Allah ya halitta ba, da mi zai gode mashi? In kana shakka, akwai wuri a gaba kusa da direba." Bai zo ba, amma ya bar iyalinsa suka zo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da kika yi wa ƙannenki. Lokacin da ake ginin dam, mahaifina ya samu aikin tuƙa tifa, yana kai ƙasa da duwatsu. Baffa Balarabe kuwa gonarsa ta fadama, wadda ya gada daga Malam Falalu, tana cikin waɗanda ruwa ya fara ci, kuma tudun da ya koma bai ba shi ko rabin abin da ya saba samu ba. Sai ya ɗora abin a kan ƙanensa. Ya ce da hannun Ayuba aka danne kabarin ubansu. Ya yi rantsuwa ba zai sake taka bakin wannan ruwa ba. Shekaru suka yi ta wucewa ba gaisuwa tsakaninsu. Aka yi suna a gidanmu bai zo ba, aka yi aure a gidansa ba a gaya mana ba. 'Ya'yansa da ƙannena suka taso ba su san fuskar juna ba. Malamai sun sa baki, abokai sun sa baki, kowa ya gaji ya bari.

Bara waccan, shekarar fari, ruwan dam ya janye fiye da yadda aka taɓa gani. Da bazara wani masunci da ke kawo miki kifi ya ce kufan Tungar Gawo ya fito fili, har ana takawa da ƙafa. Washegari kika ce in raka ki Maradun. Muka iske Baffa Balarabe a ƙofar gida yana tufkar igiya. Kuka gaisa, ya sa aka kawo ruwa, kika sha.

Kika ce, "Balarabe, ba sulhu na zo yi ba, na bar wannan. Garinmu ya fito. Kabarin Baba yana waje, kuma ban sani ba ko zai sake fitowa ina da rai. Ranar Asabar za mu tafi da yara. Ayuba zai je, ba zan ɓoye maka ba."

Ya ce, "Adda, kin san na yi rantsuwa."

Kika ce, "Na sani. Rantsuwa tana da kaffara, ka tambayi liman. Amma 'ya'yanka ba su rantse ba. In ba ka zuwa, ka ba ni su."

Ya ci gaba da tufkarsa. Muka yi sallama muka taho. A hanya na tambaye ki ko kina ganin zai zo. Kika ce ba ki sani ba, amma za ki ƙara hoce.

Ranar Asabar mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, muka sauka muka taka. Ƙasa ta bushe ta tsattsage, ko'ina ƙwaryar katantanwa, zalɓe da belbela suna can bakin ragowar ruwa. Garin da muka sani babu shi, sai layin tubalin da ya narke, da kututturan gawo, da bakin rijiya cike da laka. Kika riƙa tafiya kina nunawa: nan masallaci, nan marina, nan gidan wanzami. Kika tsaya kan wani dutsen niƙa da ya nutse rabi, kika ce na innarku ne. Yara suka yi ta tono shi da hannu. Mahaifina yana biye a baya.

Rana ta ɗaga sosai sai ga Baffa Balarabe tafe daga wajen arewa, matarsa da yara a kan jakai, shi yana ƙasa. Ya gaishe ki. Bai dubi mahaifina ba. Ya wuce kai tsaye wajen maƙabarta, muka bi shi. Can kuwa ruwa ya shafe komai, babu tudun kabari ko ɗaya, sai wani ƙaton kututturen kuka. Baffa ya nuna gabas da kututturen ya ce nan ne. Mahaifina ya ce, "A'a, Yaya, ta kudu ne. Ni na riƙe kansa." Baffa ya juyo ya ce shi ya haƙa, za a gaya masa? Maganar farko ke nan da ta shiga tsakaninsu tun tashin gari, kuma gardama ce. Kika bar su suka yi ta yi. Da suka gaji kika ce ke ba ki je binnewa ba, mace ce ke, saboda haka ba ki da shaida. Su tsaya a tsakiya su yi addu'a, Allah ya san inda bawansa yake. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Baffa ya ja addu'ar, mahaifina ya ƙarasa.

A inuwar zanen da aka kafa da sanduna aka ci abinci. Kwano ɗaya kika ajiye musu. Ba zan ce daga ranar komai ya wuce ba. Baffa har yau in aka ambaci gonarsa fuskarsa takan canja, kuma yana da gaskiyarsa. Amma da aka haifi ɗiyata bayan damina, shi ya zo ya raɗa mata suna. Ranar Laraba kuma su biyun suka shiga kabari suka karɓe ki.

Fitarki ta ƙarshe ita ce ta Kirsimetin da ya wuce, lambun Bakura. Ƙafafunki sun kumbura, ba ki zaga ba. Kika zauna gindin mangwaro a kan tabarma, kina aika yara su je su gano su dawo su ba ki labari. Wanda ya ce bai ga komai ba sai ki mayar da shi. Babu wanda ya kawo a ransa ba za mu sake fita da ke ba.

Ranar addu'ar uku, bayan jama'a sun watse, Saude da Tabita da Rukayya suka aiko daga cikin gida suna tambaya ko shi ke nan fita ta ƙare. Baffa Balarabe ne ya amsa. Ya ce a gaya musu bayan Sallah su shirya, shi zai zo daga Maradun da nasa iyalin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baffa Balarabe da mahaifina Malam Ayuba, da iyalansu na Maradun da Talata Mafara, da mutanen Tungar Gawo duk inda tashi ya kai su. Ina yi wa Yohanna da Tabita ta'aziyya, su da suka zauna da mu tun daga jinya har zaman makoki. Ina yi wa matan layinmu da 'ya'yansu, waɗanda ba ki haifa ba amma suka yi kukan rashin uwa. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo. Allah ya gafarta miki kurakuranki, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sa kin huta. Allah ya sada ki da iyayenki da mijinki da 'ya'yanki da suka riga ki. Ke da kike son inuwa da ruwa mai gudu, Allah ya saukar da ke a Aljannar Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Audu Ayuba Tungar Gawo
Morai