Mota Mai Ƙofa Biyu

Shekarar da tattasai ya yi albarka har muka rasa filin shanya, maigidana ya ce zai sayi mota. Muna zaune a Diffa, gonarmu kuwa tana ƙauyensu, bakin kogin Komadugu, gaba da Geskeru. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, tana wurinmu saboda hawan jini, don ta kasance kusa da likita. Ba ta taɓa son garin ba. Kullum zancenta ɗaya ne: in ta mutu a mayar da ita gida, a sa ta kusa da mijinta, gindin gorubar da ke kallon ruwa.

Motoci biyu ne suka tsaya masa a rai. Ɗaya sabuwa dal, fara, mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake loda wa buhu. Ɗayar tsohuwar motar Amirka ce da turawa masu neman man fetur suka bari tun ina yarinya. Wani makaniki a bayan tasha ya yi shekaru yana tada ta, yau ya ɗauko ƙarfe daga Maiduguri, gobe ya ƙera wani da hannunsa, daga ƙarshe ya shafa mata jan fenti. Ga dogon hanci, ciki kamar ya shafi ƙasa, ƙofa biyu kacal. In ta yi gurnani kajin unguwa sai sun watse.

Ban ɓoye masa ba. Na ce wannan jar motar amarya ce, ba abin da ta iya sai ci da kwalliya. Na tuna masa abin da ya fi ni sani, cewa a wajenmu motar mutum ɗaya motar gari ce. Ita ke ɗaukar mai naƙuda, ita ke ɗaukar wanda maciji ya sara a gona, ita ke kai gawa. Ya ce shi ba sana'ar jigila zai fara ba. Wai yana yaro ya taɓa bin wannan motar da gudu har ya faɗi ya fasa gwiwa, tun ranar take ransa. Mutum da furfura a gemu yake gaya mini haka, ko kunya babu.

Ya kai Iya ta gani. Ta zagaya motar da sandarta, ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallon ƴar kujerar baya. Sannan ta ce da Hausarta mai nauyin Barebari, “Ɗana, a ina mutum yake kwanciya a ciki?”

Ya yi dariya. “Iya, ai ba gado ba ne.”

Haka ya saye ta.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin shigarta, kuma masu sayar da esansi, wato fetur, a kwalba sun fi ni jin daɗi. Da rani takan kai ƙauye da ƙyar, a sassauta iskar taya, a bi busasshiyar laka. Tun daga nesa mutanen ƙauye suke gane ƙararta.

Iya ta rasu da hantsi, cikin bazara, ranar kasuwar tattasai. Nan take maigida ya buga salula ga ƙanensa ya ce a haƙa kabari, muna tafe. Muka yi mata wanka, muka sa ta a likkafani. Aka bazama neman mota mai buɗaɗɗen baya, ba a samu ba, duk sun yi lodi sun fita. Sai ya kawo tasa ƙofar gida, ya kwantar da kujerar gaba, yana gwada tsawon da hannu, yana sake gwadawa. Dattawan da suka taru suna kallonsa. Ko an cire kujerar wurin bai isa ba, sai dai a lanƙwasa ta.

Liman ya dafa kafaɗarsa. “Alhaji, ba a zaunar da gawa. Zafin nan kuma ba ya jiran kowa.”

Bayan azahar aka binne ta a maƙabartar Diffa, cikin mutanen da ba ta sani ba.

Da aka nemi sanar da ƙauye, salular ƙanen ta ƙi shiga, don a ƙauyen sai an hau tudu ake samun layi. Dole maigida ya je da kansa, na ce ba zai tafi shi kaɗai ba. Duk hanya haushinsa ya cika ni, tausayinsa ya hana ni buɗe baki.

Da muka doshi garin na hango maza suna miƙewa daga gindin itatuwa. Sun ji ƙarar tun muna nesa. Suka jeru a bakin hanya, wasu riƙe da makara. Maigida ya tsaya ya kashe mota. Ƙanen ya matso ya leƙa ta taga, ya dubi kujerar baya.

“Yaya, ina Iya?”

Maigida bai saki sitiyari ba. Ni na fita na gaya musu. Kafin rana ta faɗi aka mayar da ƙasa cikin ramin da ke gindin goruba, ba kowa a ciki. Maigida ne ya karɓi shebur, ya hana a taya shi.