Ranar da Inna ta Karɓi Bakana

Shekarar da birai suka matsa wa masarata a gonarmu ta bayan Lambara, na sayi baka da kwari a kasuwar Shagari. Ni tela ne, ko ƙadangare ban taɓa harbi ba. Kullum bayan la'asar sai in jingina buhun ƙaiƙayi a bangon bayan gida in yi ta gwadawa. Kwana goma kibiya ba ta taɓa buhun ba. Tsirkiya kuwa ta yi ta dukan hannuna har wurin ya kumbura ya yi baƙi.

Wata rana Inna, mahaifiyata, tana zaune gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Tsohuwa ce, ba ta miƙewa sai ta dafa wani abu. Na ja, na saki, kibiya ta karkace ta soki zana.

"Kai wanga, fizgar ta kaka yi," in ji ta. "Ba a fizga. Miƙo nan."

Dariya na yi, na ɗauka zolayata take. Ta dafa rumbu ta tashi, ta goge hannu a zanenta, ta karɓa. Ba ta ma ja sosai ba. Ban ga lokacin da yatsunta suka buɗe ba, sai dai na ga kibiya tsaye a tsakiyar buhu tana rawa. Ta zaro ta biyu daga kwari. Ita ma ta zauna dab da 'yar'uwarta.

Salati ya kuɓuce mini. Na zauna a kan turmi. Matata ta fito daga madafa da ludayi a hannu, baki buɗe. Shekara arba'in da 'yan kai ina tare da Inna, na ɗauka babu abin da ban sani ba a kanta.

"Inna, ina kinka koyi wanga abu?"

Ta ce mahaifinta maharbi ne a Dingyaɗi, kuma ya daɗe bai samu ɗa namiji ba, shi ya sa yake tafiya da ita tsaron gona. Da ta yi aure ta bari.

"Har babanka ya koma ga Allah bai sani ba," in ji ta. "Babu wanda yat tambaye ni."

Ta sa na ciko bokiti da ruwa, na rataya mariƙinsa a kan yatsuna uku kamar yadda ake riƙe tsirkiya.

"Kada ka buɗe hannu. Daina riƙo kawai, shi zame da kanai."

Bokiti ya faɗi, ruwa ya jiƙe mini wando. Ta ce in sake cikowa. Haka na yi ta yi har aka kira magariba.

Washegari kafaɗarta ta riƙe. Da ina shafa mata man zafi, na tambaye ta ko akwai wani abin kuma da ban sani ba. Ta ce in dai gama shafawar tukuna.