Ranar da Baba Tela Ya Ga Ɗinkinsa

Baba Tela bai taɓa zama gwanin keke ba, allurar hannu ce abincinsa. In riga ta yage, ko dutsen guga ya ci gefen wando, wurinsa ake kawowa, ya ɗinke yadda mai kayan ma sai ya laluba kafin ya gane gurbin. Da haka ya kafa shagon da babban ɗansa yake riƙe da shi yanzu. Shi kuwa yana nan kan bencinsa na bakin ƙofa, inda haske ya fi yawa.

Da shekaru suka ja, kafar allura ta fara yi masa wasan ɓuya. Sai ya miƙa hannu nesa, ya karkata kai, ya yi ta lasar zare. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Ita take zura masa allurai bayan sallar asuba, fari da baƙi da shuɗi, ta soke a jikin tsumma, ya sa a aljihu. Tana yi tana tsokanarsa, wai idon lafiya lau, hannun ne ya gajarce. Ta sha ce masa ya sayi tabarau. Ya ce wa zai ba tela mai ido huɗu rigarsa?

Ana haka Allah ya karɓi abarsa.

Da ya koma shago bayan rasuwar, ya yini da zare a hannu, allura ta ƙi. Kashegari ya kira mai tallan tabarau bayan shago, kamar mai sayen kayan sata. Mutumin ya riƙa ɗora masa ɗaya bayan ɗaya, yana nuna masa guntun jarida, yana cewa, “Baba, wannan in ka sa, har haƙoran tururuwa za ka ƙirga.” Can aka dace, baƙaƙe suka tsaya cak.

Ya dawo benci ya zura allura tashi ɗaya, ya yi hamdala. Don murna sai ya jawo wata riga da ya gyara kafin rasuwar, mai ita bai zo karɓa ba. Ɗinki ya yi kyau, sumul. Amma a gefensa ga ramukan allura na wani ɗinkin da aka warware, manya, a karkace kamar sawun mashayi. Ya ƙara matso da rigar. Ɗinkin mai kyan ya kwanta ne ta hagu. Shi da dama yake ɗinki. Bahago ɗaya ne a shagon.

Ya kira ɗansa, ya miƙa masa rigar.

“Tun yaushe?”

Ɗan ya sunkuyar da kai. “An jima, Baba. In ka tashi nake gyarawa.”

“Wa ya sa ka?”

“Inna ce. Ta ce kada ka sani.”

Baba Tela ya tuna duk yabon da ya karɓa yana shafa gemu. Ya tuna mai askin da ke maƙwabtaka da su, wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen kiransa gwani, alhali ƙofarsa tana kallon teburin ɗan. Ashe layin duka sun sani. Wadda zai yi wa faɗa kuwa tana kabari, addu’a kawai take jira.

Ɗan ya lallashe shi, ya ce ai yanzu ga tabarau, komai ya wuce. Ya ajiye masa wando mai yagaggen aljihu. Baba Tela ya soma. Ido yana gani tar, amma hannun da ya daɗe yana ɗinki da ka ya riga ya ɓaci. Duk sukar da ta kauce yana kallonta tana kaucewa.

Har yau yana zuwa shago, da tabarau a kan hanci. Sai dai da an yi la’asar yake rataye abin da ya ɗinka, ya ɗauki takalmansa, don ɗan ya samu wurin warwarewa tun da sauran haske.