Kofi Biyu a Wurin Aikin Sani

Funtuwa zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asubar Laraba muka bar Funtuwa, ni da ƙanena Malam Idi, wanda zai raka ni filin jirgi. Shinge shida na ƙirga kafin Kano. Abin da ya tashe ni kaset ne daga surukata Hadiza da ke Landan, tana kuka, wai kullum ɗana Sani da warin giya yake dawowa gida. Na ce sai na gani da idona ko sha yake yi.

Tottenham

Awa shida muka yi a sama. Hadiza ta tarbe ni, muka shiga tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa. Flat ɗinsu ɗaki biyu ne a saman shagon wani mutumin Kumasi. Na sami Sani da mura, hanci a toshe. Na ci tuwon semo.

Marylebone

Ranar Asabar ƙarfe ɗaya na rana na sa Hadiza ta kai ni wurin aikinsa ba sanarwa. Gidan abincin 'yan Meziko ne, shi ke haɗa abin sha. Da ya gan ni sai da cokali ya faɗi daga hannunsa. Ya ba mu kujera a gefe.

Wasu Turawa biyu suka yi oda. Ya shafa gishiri a bakin kofi biyu, ya matse lemon tsami, ya zuba ƙanƙara. Ɗaya da takila, ɗaya da mezkal, duk giyar Meziko ce. Na karanta kwalaben da kaina, albarkacin yaƙi da jahilci. Aka kira shi kicin. Da ya dawo ya rasa wanne ne wanne, don kalarsu ɗaya. Ya sansana, hanci ya ƙi. Maigidansa ya yi magana da faɗa-faɗa, Hadiza ta fassara min: wai shekara shida yana wannan taurin kai na ƙin ɗanɗanawa, ya kurɓa sau ɗaya mana a wuce wurin.

Sani ya girgiza kai. Ya juyo ya ce, “Inna, da hanci nake aikin nan, yau kuma babu. Duk daga tsiro ɗaya ake yin su, mai kama da kabar giwa. Ɗaya turarawa ake yi, ɗaya a rami ake gasa shi.”

Na nemi tsari, na matso na sansana. Kofin dama warinsa tas, kamar na maganin asibiti da lemo. Na hagu kuwa rogo ne da ya kwana a toka.

“Ga na ramin,” na ce.

Da yamma na faɗa wa Hadiza warin a riga yake, ba a ciki ba. Shi kuma na ce ban yi fushi ba, amma mai miƙawa ma yana da nasa laifin. Can ya ce ana ɗaukar direbobin bas a Stratford.

Komawa

Kwana goma sha tara na yi. Ban hau jirgi ba sai da na ga ya cike takardar neman aikin, na bi sunansa da yatsa harafi-harafi. Na iso Funtuwa ana kiran la'asar. Na gode wa Allah, na gode wa Hadiza da ba ta ɓoye min ba.