Bube Ya Shiga Kogo Ba Fitila

Idan ka nemi Bube a Talata Mafara, sai a ce maka wanne, mai gurguwar saniya ko mai wasan yara? Duk mutum ɗaya ne. Na biyun ni na ja masa, domin a kan bencin shagona na cajin waya ya samo sunan. Ni ne Isa, kuma har gobe ban yi nadama ba.

An haifi Bube a rugar mahaifinsa kusa da Gidan Goga, a ƙasar Maradun, shekara hamsin da 'yan kai da suka wuce. Bai yi boko ba. Ya yi allo har izu goma, daga nan sanda ta karɓe shi, ya shekara arba'in a bayan shanu. Siriri ne, maganarsa ba yawa, kuma taurin kansa irin mai ladabi ne. Ka ba shi shawara, ya ce madalla, ya yi maka godiya har ka ji kunya, sannan ya je ya yi abin da ya yi niyya tun farko.

Shekara uku da suka wuce ɓarayin daji suka tare shi a mashaya da hantsi. Suka ɗaure shi a jikin bishiya, suka kora garken yana kallo. Saniya ɗaya suka bari, wata karsana mai farin goshi da yake kira Wule, saboda tana ɗingishi da ƙafar baya, ba za ta iya gudun da suke so ba. Tana nan tsaye kusa da shi har masu itace suka zo suka kwance shi. Ya kwaso iyalinsa ya dawo Mafara gidan yayansa Mamuda, mai sayar da hatsi, aka kafa wa Wule turke a bayan gida. Tun daga ranar Bube bai ƙara taka wajen gari ba. Bai taɓa faɗin dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba, amma kowa ya san tsoro ne.

'Yarsa Fatimatu, wadda ke aure a Bakura, ita ta aiko masa da tsohuwar waya don ta riƙa jin muryarsa. Ya kawo caji, ya same ni ina wani tsohon wasa da ya girme ni. A wasan, kai ɗan matafiyi ne, kana bi gari gari, kana kama wasu halittu a cikin ciyawa, kana rainonsu, suna kare ka a hanya. Kwana uku yana leƙe ta kafaɗata. A na huɗu ya tambaye ni ko waɗannan abubuwan kiwonsu ake yi. Na ce kusan haka ne. Sai kawai ya miƙo mini wayarsa.

Ba ya karanta Turanci, don haka ni nake fassara masa abin da mutanen wasan ke faɗi, har ya gane yawancinsu surutu ne ya daina tambaya. Cikin wata biyu ya wuce gari huɗu. Ya raɗa wa halittunsa sunayen shanunsa da aka sace, ni ina rubutawa. Akwai wani kifi a cikinsu da ba ya iya komai sai tsalle a wuri ɗaya, wanda duk mai hankali yake yar da shi. Shi Bube ya sa wa suna Wule, kuma shi yake sakawa a gaba a kowane faɗa, ya bari ya ɗan sha iska, sannan ya janye shi ya turo babba. Wannan ya sa tafiyarsa ta zama ta hawainiya. Na yi magana har na gaji, yana ce mini madalla.

Rigimarmu ta gaske a kan akwati aka yi ta. Dokar wasan ita ce guda shida kawai za ka yi yawo da su. Duk wanda ka kama bayan shida, sai ya tafi cikin wani akwati a na'ura, ya zauna har ka neme shi. Ranar da na yi masa bayani, Bube ya ajiye wayar a cinyarsa ya tambaye ni wa ke kai na akwatin kiwo, wa ke ba su ruwa. Na ce ba kowa, ai wasa ne. Ya ce to shi ba zai kama abin da ba zai kiwata ba. Daga ranar ya tsaya a shida.

Ni na san abin da ke gabansa. Bayan gari na biyar akwai wani dogon kogo mai hawa biyu, baƙi ƙirin, ba ka ganin komai a fuskar waya sai ɗan mutuminka. Fitilar shigarsa tana hannun wani mutum a baya, kuma ba ya bayarwa sai ka nuna masa ka kama iri goma. Na roƙi Bube ya kama huɗu kawai, ya karɓi fitila, in ya so ya sake su daga baya. Ya ce wato ya raba su da dajinsu don biyan buƙatarsa, sannan ya watsar. Ya san masu yin haka, ya ce, ya gan su da idonsa.

Ya shiga ba fitila. A cikin kogon akwai jemagu da ba sa ƙarewa, akwai kuma mutane a laɓe cikin duhu, waɗanda da zarar ka gifta sai su taso su tare ka, ba gudu ba roƙo. Karon farko da aka tare shi ina kusa. Na ga gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, da azahar tsaka a cikin kasuwa. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da na zuba masa wasan. Halittunsa suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, wasan ya mayar da shi garin baya. Ya tashi ya tafi masallaci. Na ɗauka shi ke nan, sai ga shi bayan la'asar ya dawo ya sake shiga.

A lokacin bazara ta yi nisa, harawa ta ƙare a gidan Mamuda, dusa kuma ta yi wuya. Wule ta rame har kana ƙirga haƙarƙarinta. Mijin Fatimatu, Nuruddeen, manomin shinkafar rani ne a Bakura, kuma ya aiko cewa an yanke shinkafa, ga bambaronta jibge, ga ɗanyar ciyawa a bakin magudanar ruwa, a kawo saniyar. Matsalar ita ce Wule ba ta hawa mota. An gwada sau ɗaya ta kusa ƙarasa ƙafar, kuma ba ta bin kowa sai Bube. Sai dai a taka da ita.

Mamuda ba mugu ba ne, shekara uku yana ciyar da gida biyu bai taɓa gori ba. Amma ranar wata Laraba ya zo shagona da kansa, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya faɗa wa ƙanensa a gaban mutane cewa ba zai zuba ido dabba ta mutu a turkensa ba. Ko Bube ya kai ta Bakura, ko ranar Talata mai zuwa ya miƙa ta ga Ɗanlami mahauci tun tana da sauran nama. Ya ƙara da cewa abin kunya ne dattijo mai jikoki ya zauna yana kiwon aljanu a waya, tasa ta gaske tana ƙugi.

Bube bai ɗago ba. Ya ce, "Na jiya, Hamma. Bari in hita kogon ga tukuna."

Mutane suka yi dariya. Ni ma, Allah ya yafe mini, na ɗan yi.

Abin da ya yi a kwanaki biyar ɗin nan ban taɓa ganin wani ya yi ba. Ya gano cewa idan ɗan mutumin ya ci karo da bango, wayar tana yin wani ɗan ƙara, dum. Sai ya ƙure murya, ya kara ta kusa da kunne, yana ƙirga taku. Bakwai gabas, dum. Uku kudu, dum. Kowane taku sai ya zana shi a ƙasa da sandarsa a gefen shagona, ya sa tsakuwa a inda tsani yake, ya sa ƙwallon dabino a inda aka tare shi. Ya hana mai shara taɓa wurin. Da na ce akwai taswirar kogon a intanet, in buɗe masa, ya ce wanda ya zana ta da fitila ya shiga, ba hanyarsu ɗaya ba.

Sau tara ana mayar da shi baya. Amma ya lura da wani abu da ni ban taɓa kula da shi ba: duk wanda ya tare ka ka ci shi, ba ya sake tasowa. Yana nan tsaye a wurinsa cikin duhu, kana wucewa ta gabansa. Ya sa na tabbatar masa da haka har sau biyu. Daga ranar gumin ya ragu, ko da yake bai daina gaba ɗaya ba.

Ranar Litinin da hantsi fuskar wayar ta yi fari. Ya fito. Ga ciyawa, ga hanya, ga wani ɗan gari a gaba. Biyar daga cikin shidan sun faɗi a ciki, kifin nan marar amfani shi kaɗai ya rage a tsaye, don ko a cikin duhun bai fasa janye shi da wuri ba. Na ce masa ai an ce kifin nan idan ya girma yakan rikiɗa ya zama babban dodo. Ya ce shi ba don haka ya riƙe shi ba. Ya kai su asibitin garin, ya jira aka sallame su, sannan ya sa ƙafa ya share zanen da ke ƙasa.

Talata ranar kasuwa ce. Ina buɗe shago na hango shi tafe, da malafa, da gora, da sanda a kafaɗa, Wule na biye ba ko igiya. Yana da hanyar da zai bi ta bayan unguwa ba wanda ya gan shi. Bai bi ta ba, ya ratso ta tsakiyar kasuwa, ta gaban rumfar mahauta, a hankali, da takun saniyar. Ya tsaya a shagona ya ba ni wayar, ya ce in riƙe masa shidan, kada in ƙara kada in rage. Da na karɓa na ji tafin hannunsa sharkaf da gumi.

Ɗanlami, wanda Mamuda ya riga ya yi wa magana, ya fito yana goge hannu, ya ce Baffa ina za a kai ƙashin nan, ai ba za ta kai Bakura ba, a sauke ta nan a huta. Mamuda na tsaye a bayansa.

Bube ya dafa bayan Wule, ya ce, "Wagga ba saniya ta ba, Ɗanlami. Garke na."

Tafiyar da mota ke yi cikin ƙasa da awa, kwana biyu ta ɗauke su. Ran Laraba da la'asar wayarsa ta yi ƙara a aljihuna. Fatimatu ce, tana kuka tana dariya, ta ce sun iso, Wule ta sa kai a ciyawa ta ƙi ɗagowa. Na ruga rumfar hatsi na miƙa wa Mamuda. Ya saurara, ya juya mana baya yana gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi.

Sannan Bube ya karɓa daga hannun Fatimatu ya ce a ba shi Isa. Bai ba ni labarin hanya ba. Ya tambaye ni ko shidan suna nan yadda ya bar su, na ce suna nan. Ya ce to in tambaya masa, bayan garin nan da ya tsaya, akwai wani kogon?

Na ce akwai, har biyu.

Ya ce madalla, ranar Juma'a zai tako ya karɓi wayarsa.